Tambarin mota ya faɗi ko an ɓalle shi: tambayoyi da amsoshi daga Birnin Kebbi

Na daɗe ina zama a shagon kayan gyaran mota a Birnin Kebbi, kuma cikin duk abin da ake zuwa nema babu wanda ake rainawa kamar tambari, wato alamar kamfani da ke goshin mota da bayanta, wadda samari ke ce wa logo. Mutum zai leƙo yana murmushi ya ce, "Maigida, ɗan abin nan na gaba ne ya faɗi, ba ni ɗaya in liƙa." Bayan kwana uku sai ka gan shi ya dawo, fenti a kwarzane, gam ya dalalo ya bushe fari fat a kan but. Abin da ya kashe wajen mai fenti ya ninka kuɗin tambarin sau da yawa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda na gaji da amsawa da baki.

Me ke sa tambari ya faɗi ba wanda ya taɓa shi?

Rana ce kan gaba. Yawancin tambarin motocin yanzu ba ƙarfe ba ne, roba ce mai tauri da aka yi wa rufi mai ƙyalli kamar azurfa, kuma abin da ke riƙe da ita salatif ne mai gam fuska biyu. An ƙera shi ya jure zafi, amma motar da ta yi shekara 15 a Amurka ko Turai, sannan ta zo ta sha ranar Kebbi ta watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gam ɗinta ya riga ya tsufa. Hunturu ya zo ya cusa ƙura ta gefen da ya fara ɗagawa, damina ta zuba ruwa a wurin, sai gargadar hanya ta ƙarasa aikin.

Sai wajen wankin mota. Yaro ya saita bakin injin ruwa mai ƙarfi daidai gefen harafi, ko tsumma ya maƙale a kusurwar "C" ta Corolla ya fizga. Shi ya sa za ka ga motoci da yawa suna yawo an rubuta musu "orolla" ko "Cam y".

Ya zan gane faɗuwa ya yi ko sace shi aka yi?

Dubi wurin. In faɗuwa ya yi, za ka tarar da ragowar gam ya bushe ya yi ƙura, fenti lafiya lau. In hannu ne, akwai kwarzane a gefe ɗaya inda aka zura sukundireba ko wuƙa, wani lokaci har ƙafafun tambarin sun karye sun zauna cikin raminsu. A gaba kuwa, sau da yawa sai an fasa ragar da ke riƙe da shi.

Kada a ɗauka wannan halin namu ne kaɗai. A 1987 an yi yayin ɓalle tambarin Volkswagen a Ingila, don kawai wani mawaƙin Amurka ya rataya irinsa a wuya kamar sarƙa, matasa suka bi sahu. Kamfanin Rolls-Royce kuwa, a motocinsa na zamani, ya sa ɗan gunkin da ke kan bonet yana nutsewa ciki da kansa da zarar an taɓa shi da ƙarfi. Mu da muke fama da Golf da Corolla ba mu kai nan ba.

Jami'an hanya za su tare ni don babu tambari?

Abin da ke tabbatar da mota a takarda shi ne lambar rajista da lambar shasi da lambar inji. Su ake dubawa a gwada da takardunka, tare da lasin da inshora da lafiyar fitilu da taya da birki. Tambari ado ne da shaidar kamfani. Sai dai motar da aka kwashe mata alamu gaba da baya tana jawo ido a shingen bincike, musamman a hanyoyin da suka nufi iyaka kamar ta Kamba, don haka takardunka su kasance a kusa.

Da me ake maƙala shi a jikin mota?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata kowa ya fara yi, kuma ita ce ba a yi. Hanya uku ce, wani lokaci a haɗa biyu.

Akwai na gam zalla: haruffan bayan mota irin su Camry, Accord, LE, V6, kusan duk haka suke. Akwai mai ƙafafu, wato 'yan ƙusoshin roba biyu ko uku a bayansa da ke shiga ramuka a jikin mota. Tambarin BMW misali ƙafa biyu gare shi, suna shiga wasu 'yan robobi da ke cikin ramin, kuma in za ka canza shi gara ka canza robobin tare. Na bayan Toyota da Honda da yawa suna da ƙafafu da gam a lokaci guda, ƙafafun don saiti, gam don riƙo. Na uku shi ne na gaba, wanda ke zama cikin raga da 'yan maƙalai da ke kamawa ta baya, wasu kuma da noti ko sukuru. Irin wannan ba a ciro shi ta waje. Sai an buɗe bonet, wani lokaci a kwance ragar ko a sassauta bamba, a danna maƙalan ta ciki.

Tauraron Marsandi mai tsayuwa a kan bonet nasa daban ne. Yana da sifirin a ƙasa, shi ya sa yake lanƙwasawa ya dawo, kuma ta ƙarƙashin bonet ake murɗa abin da ke riƙe da shi a zare. Wanda ya ja shi ta sama da ƙarfi karya shi zai yi. Haka kuma daga Golf 5 zuwa sama, tambarin baya shi ne hannun buɗe but, a wasu ma kyamarar ribas na ɓoye a bayansa. Wannan ba aikin liƙi ba ne, aikin makanike ne da mai wayarin.

Duk tambarin Toyota ba iri ɗaya ba ne?

A ido ɗaya ne, a awo ba ɗaya ba. Zanen da'ira uku da muka sani ya fito ne a 1989, amma girmansa ya bambanta daga Corolla zuwa Camry zuwa Hilux zuwa Hiace, na gaba daban, na baya daban, kuma ko a Corolla ɗin ma na 2005 ba ya zama a ta 2010. Bayansa ma ba ɗaya ba ne: wani a miƙe yake, wani yana da ɗan lanƙwasa don ya bi jikin but. In ka ɗora miƙaƙƙe a wuri mai lanƙwasa, tsakiya ce kawai za ta kama, gefuna suna reto, ba zai yi wata biyu ba. Na motoci masu haɗa fetur da batir kuma an daɗe ana yi musu shuɗi a ciki.

Abin da za ka zo da shi shago uku ne. In tsohon yana hannunka, ko a karye, kawo shi, domin a bayansa akwai lambar kaya, ta Toyota goma ce a rabe biyar-biyar. In ya ɓata, auna inuwar da ya bari a fenti, faɗi da tsawo, da tazarar da ke tsakanin ramukan, da milimita ba da ɗan yatsa ba. A BMW da yawa na bonet milimita 82 ne, na but 74, bambancin da ido ba ya kamawa sai an zo sakawa. Sannan ka ɗauki hoton lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba ko a jikin ƙofa. Harafin farko yana faɗin inda aka ƙera motar: J Japan, W Jamus, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada. Yana da amfani, don Camry ta Amurka da wadda aka yi wa kasuwar Dubai ba lallai ragarsu ta zo ɗaya ba.

Wani dattijo daga Jega ya taɓa aiko ɗansa da tambarin da ya saya a hanya, wai in liƙa masa. Yaron shagona ya juya shi ya ce, "Alhaji ƙarami, wanga ba na motarku ba na, na Hilux na." Ya fi wurin girma da kusan faɗin yatsa biyu.

Sabo zan saya, ko Beljiyam, ko na China?

In da hali, na fi son Beljiyam, wato orijina da aka ciro daga jikin wata mota. Rufinsa ya riga ya ga rana ya jure, kuma awonsa na kamfani ne. Illarsa ita ce gam ɗin bayansa ya mutu, sai an kankare an sa sabon salatif, kuma ka duba ƙafafun ko an karya su wajen cirowa. Sabo orijina a ledar kamfani ya fi kowanne, amma sai an yi oda, kuma tsadarsa kan sa mai tsohuwar mota ya yi tsaki.

Na kwaikwayo suna da daraja hawa-hawa. Akwai wanda zai yi maka shekaru, akwai wanda damina ɗaya ce zai fara ɓawo kamar albasa. Ka juya bayansa: orijina yana da lamba da aka zubo tare da robar, gefunansa sumul, yana da ɗan nauyi. Jabu shafal yake, gefensa da kaifi, ƙyallinsa ya yi yawa kamar na kwanon amarya, salatif ɗin bayansa siriri. Kada jan salatif mai rubutun 3M ya ruɗe ka, shi ma ana buga na ƙarya.

Kayan da muke sayarwa a nan yawanci daga Ladipo ta Legas suke zuwa, ko Nnewi, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna. In babu a Birnin Kebbi ana iya samu a Sakkwato, in babu a tura hoto da awo ta WhatsApp a sako a motar haya. Farashi yana bin dala, na yau ba shi ne na wata mai zuwa ba, don haka ka tambayi shago biyu ko uku kafin ka biya.

Wani yaro ya kawo mini tambari da araha, ya ce tsinta ya yi. In saya?

A'a. Tambarin da ke da sabon kwarzane a gefe, ƙafafu a karye, babu leda, babu shago, ka san inda ya fito. Hausawa sun ce ba ɓarawo ne ɓarawo ba, mai saye. Karɓar kayan sata da sani laifi ne a doka, a addini ma ba sai an faɗa ba. Kuma ka lura da yadda abin ke zagayawa: an ɓalle naka a wajen ɗaurin aure, ka je ka sayi na wani da aka ɓalle a bakin kasuwa, shi ma ya fita nema. Na san wanda ya sayi nasa na kansa, ya gane shi ne da wani ɗan tabon fenti da ke gefensa.

Tsohon ya fashe amma yana nan maƙale. Ya zan cire shi ban ɓata fenti ba?

Nan ne ake yin ɓarna, don haka bari in tsaya.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoto, sannan ka kewaye tambarin da salatif na takarda irin na masu fenti, sama da ƙasa da gefe, ya zama shaidar inda sabon zai zauna. In haruffa ne, layin ƙasa ya fi komai muhimmanci. Wanda ya tsallake wannan shi ne za ka ga sunan motarsa ya karkace kamar rubutun ɗan aji ɗaya, kuma kullum ya zo buɗe but sai abin ya sosa masa rai.

Sai a tausasa gam da zafi. Turawa na amfani da na'urar busar da gashi. Mu Allah ya hore mana rana: ajiye motar ta juya wa rana baya da azahar na rabin awa, ya isa. In hunturu ne ko da safe, zuba ruwan ɗumi a hankali, ba tafasasshe ba. Kada ka kusanto da wutar gas ta masu walda, ko kyandir, ko garwashi. Fenti zai kumbura, in bamba ce ta roba ta narke.

Abin yankan kuwa yana nan a wadace a jihar da ke da Argungu da Yawuri: zaren kamun kifi. Yanki kamar kamu biyu, naɗa bakinsa a 'yan sanduna biyu don kada ya yanke maka yatsu, zura shi ta bayan tambarin, ka riƙa ja dama da hagu kamar mai zarto, kana janyo shi wajenka ba wajen fenti ba. Zai ratsa gam ɗin sannu a hankali. In ka ji ya tsaya cak, ka ci karo da ƙafa ne, kada ka tilasta. Zagayo ta ɗaya gefen, in gam ya saki ko'ina sai ka ɗaga tambarin a miƙe da tsohon katin banki ko wani abu na roba. Sukundireba da wuƙa da reza ba su da aiki a nan ko kaɗan.

Ragowar gam a murza shi da babban yatsa yana da ɗumi, zai dunƙule ya fita. Wanda ya ƙi, a ɗiga masa kananzir kaɗan a tsumma mai laushi, a bar shi minti biyu, a goge. Tina ta masu fenti tana cin fenti, musamman motar da aka taɓa yi wa feshi a gareji. Man birki ya fi ta mugunta. Soson ƙarfe na wanke tukunya kuwa, wallahi na ga wanda ya yi, bai ji daɗi ba.

To ya ake saka sabon?

Wanke wurin da sabulu, ɗauraye, bari ya bushe sarai, sannan ka goge da sipirit na kemis. Dalili shi ne kananzir da folish suna barin maiƙo, gam kuma ba ya kama maiƙo. Daga nan kada yatsa ya sake taɓa wurin.

Cirewa da rana ake yi, sakawa a inuwa. Ƙarfen da ya yi zafin da ba ka iya ɗora tafin hannu bai dace ba, haka ma sanyin asubar hunturu, a jira hantsi. Kuma a guji ranar da iska ke tashi da ƙura.

Gwada tambarin a wurin tun ba ka ɓare takardar bayansa ba, ka tabbata ƙafafu sun shiga, ya kwanta ko'ina. In Beljiyam ne, kankare tsohon gam daga bayansa, shimfiɗa sabon salatif mai fuska biyu na mota, mai ɗan kauri kamar soso, ka yanke abin da ya leƙo da reza a kan tebur, ba a jikin mota ba. Sai ka ɓare, ka saita da shaidar da ka yi, ka ɗora sau ɗaya. Irin wannan gam ba ya son a ɗaga a sake. Danna da tafin hannu ta kan tsumma na kamar minti ɗaya, tsakiya da gefuna. Haruffa sababbi sukan zo jere a kan leda mai riƙe tazararsu, kada ka ciro su ɗaya-ɗaya, ɗora su gaba ɗaya sannan ka ɓare ledar.

Kada a wanke motar sai bayan awa 24, in ka iya haƙurin kwana uku ya fi, don sai lokacin gam ke gama kamawa. Ka faɗa wa yaran gida, don su ne za su wayi gari da bokiti.

Sufa gulu fa? Ai yana kamawa nan take.

Yana kamawa, amma ya bushe ya zama kamar gilas. Jikin mota yana buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi, roba ma haka amma ba daidai da ƙarfe ba, ga girgizar hanya. Salatif mai kauri yana bin wannan motsi, sufa gulu tsagewa yake yi. Sannan tururinsa na barin farin tabo a kewaye, in ya dalalo kuma ya zauna, ranar da za a cire shi da fenti zai tafi. Araldite ma haka, riƙonsa ya wuce abin da ake buƙata. Masu haɗa sufa gulu da yashi ko toka su bar wannan dabara ga fasasshen bokiti.

Motata sabuwar shiga ce. Na canza tambarin gaba, sai wata fitila ta kama a dashbod. Me ya haɗa su?

Wannan ita ce amsar da ta fi kowace tsada a shafin nan. A motoci da yawa na shekarun baya-bayan nan, tambarin gaba murfi ne na wata na'ura da ke aika igiyar rediyo gaba tana auna tazarar da ke tsakaninka da motar da kake bi. Ita ke sa mota ta yi ƙara ko ta taka birki da kanta in za a yi karo, ita ke riƙe tazara a doguwar tafiya. Corolla ta Amurka daga 2017 da Camry daga 2018 suna zuwa da wannan tsari, haka Marsandi da Volkswagen da dama. A wasu motocin na'urar tana ƙasan bamba, a wasu kuwa daidai bayan tambari take.

Gane shi ba wuya. Shafa shi: in sumul yake kamar gilashin waya, zanen yana ciki, babu ramukan da yatsa zai shiga, to mai na'ura ne. An yi shi da abin da igiyar ke ratsawa. Tambari na gama-gari mai rufin ƙarfe yana tare ta ko ya karkatar da ita, sai mota ta rubuta maka gargaɗi ta kashe tsarin. Wannan ma da sauƙi. Abin tsoro shi ne ta riƙa auna tazara ba daidai ba, ta daka birki a hanyar Kalgo babu komai a gabanka, tirela na biye da kai.

Don haka irin wannan a nemi nasa da lambarsa, kada a yi masa fenti, kada a liƙa masa sitika ko da ta addu'a ce, a samo mata wani wuri. In laka ko ƙura ta rufe shi a goge da tsumma mai laushi. In kuma bugu motar ta samu har ragar ta motsa, canza tambari kaɗai bai wadatar ba, sai mai kwamfuta da ya san aikin ya sake saita na'urar.

Masu sayen mota su lura da wannan. Da yawa daga motocin da ake kawowa daga Amurka masu haɗari ne da aka gyara gabansu a Legas ko Kwatano, kuma mai gyara yakan sa tambarin da ya fi araha. In ka ga Camry 2018 da tambari mai ramuka, tambayi dillali ina na'urar take.

Na sitiyari ya ɓare. In liƙa wani?

Kada ka liƙa komai a nan. Tsakiyar sitiyari murfin jakar iska ce, wadda ke fashewa ta fito cikin ƙiftawar ido in an yi karo. Duk abin da ka manna a kai zai zama harsashi ya nufo fuskarka. A 2023 hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta gargaɗi mutane kan zoben ado mai duwatsu da ake liƙawa a tambarin sitiyari, bayan wani direba ya rasa ido ɗaya. A shekarar ce kuma Nissan ta janye motoci sama da 400,000 don tambarin sitiyarinsu na iya ɓallewa lokacin da jakar ta fashe. Hajiyoyi masu son ƙyale-ƙyale, a yi haƙuri da wannan. In ya dame ka, a canza murfin gaba ɗaya wajen wanda ya iya, bayan an cire kan batir.

In na bar wurin haka nan babu komai fa?

Ra'ayi ne, wasu ma sun fi son bayan mota fayau. Abu biyu kawai. Fentin da ke ƙarƙashin tambari bai sha rana ba, don haka inuwar sunan za ta fito, musamman a jar mota ko baƙa. Folish yana rage ta, ba ya kashe ta duka in motar ta tsufa. Na biyu, in akwai ramuka kada a bar su a buɗe. Ruwan damina zai shiga but ya jiƙa kafet, bakin ramin ya fara tsatsa. Ko da salatif ne a toshe kafin a samo sabo.

Zan iya sa XLE, alamar samfurin da ya fi daraja, a maimakon LE, ko tambarin Toyota a Pontiac Vibe?

Motarka ce. Vibe ma tana da hujja: ita da Toyota Matrix 'yan ɗaki ɗaya ne, injin Toyota ne a cikinta, kuma an daina Pontiac tun 2010, don haka tambarinta na wahalar samu. Haka Sharon da Galaxy na farko da ke jigila tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato, masana'anta ɗaya ta ƙera su a Fotugal, ɗaya da tambarin Volkswagen ɗaya da na Ford. Sai dai mazaunin tambarin ba ɗaya ba ne, sai an yi dabara, kuma takardunka za su ci gaba da cewa Pontiac.

Inda abin ke ɓaci shi ne wajen sayarwa. Ka liƙa V6 a mota mai silinda huɗu, ko AMG, alamar Marsandi mai ƙarfin inji na musamman, a Marsandin da ba ita ba, ka yi shiru mai saye ya biya kuɗin abin da bai samu ba, wannan algus ne, kuma hadisi ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Mai saye kuma kada ya yi ciniki da rubutun but. A buɗe bonet, a karanta lambar shasi.

Mai kunna wuta da dare fa?

Kyau gare shi a hoto. Amma sai an huda an ja waya, kuma na arha ruwa ke shiga su mutu rabi, ka koma yawo da rabin tauraro. In dole ne, a sa fis, a ba mai wayarin na kirki. A motar da ke da na'ura bayan tambari kuwa, a manta da shi.

Inshora za ta biya?

Wadda yawancinmu ke yi, ta naira 15,000 tun farkon 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba taka ba. Cikakkiyar inshora na iya ɗauka, amma akan cire wani kaso da kai za ka biya da kanka, kuma tambari na gama-gari bai kai wahalar cike takardu ba. Mai na'ura ne ya cancanci a bi.

Akwai dabarar hana sata?

Babu wadda ta fi wurin ajiya. A taron biki ko kasuwa, juya gaban motar ga bango ko inda mai gadi ke gani, ka ba shi na goro. Tambarin gaba ana iya ɗaure maƙalansa ta ciki da siririyar waya ko igiyar roba mai zugewa, yadda mai fizga zai ji tauri ya bari. Amma kada a cika gam har ya zama sai an fasa raga, don ɓarawon da ya yi niyya zai fasa ta, ragar kuma ta fi tambarin kuɗi. Masu tsohuwar Marsandi da yara suka dama da lanƙwasa tauraro suna iya sa na kwance, wanda ke zama daidai ramin bonet.

Ina da tsohuwar Fijo 504 ta mahaifina, zakinta ya ɓata. Ana samu?

Ana samu, amma ba a leda ba. Zakin Peugeot ya girmi motar kanta, tun 1858 aka yi masa rajista, lokacin kamfanin yana ƙera zarto da kayan ƙarfe, kuma an sake masa fasali sau da yawa, na 2021 ma kan zaki ne kawai cikin garkuwa. Don haka na 406 ko 307 ba zai yi wa 504 kyau ba ko da ya zauna. Tunda masana'antar Kaduna ta fara haɗa Fijo a 1975 kuma ta yi shekaru tana fitar da 504, gawarwakinsu suna nan birjik a tsofaffin gareji da wajen 'yan gwangwan, daga Zuru har Kamba. Je da kanka da sukundireba da ɗan man inji, don notin bayan ragar ya yi tsatsa, in aka bar yaro ya fizgo zai karya ƙafar. Ka ɗauko har da rubutun 504 na baya in ka samu, ka yi sauri kuma, domin masu awon ƙarfe ba sa tambayar shekarar mota kafin su sare ta su loda a tirela.